Jirgin da Dorina Ta Kwanta a Kai

Ga ta nan, ta taso daga bakin tafki.

Ta iso mu ji ta.

Wani tsibiri ne a tsakiyar Tafkin Chadi. Mutanensa ba su san jirgin katako ba, sai na ciyawa, mai ɗaukar mutum biyu da taru. Wata shekara ruwa ya yi ta hawa. Ya ci gonaki, ya ci turakun awaki, ya doshi rumbuna.

Sarkin Ruwa ya kira Jatau masassaƙi, ya ce, "Yi mana abin da zai kwashe hatsin nan."

Jatau ya tsaga maɗaci, ya ɗinke katakon da igiyar kaba. Aka tura jirgi, ruwa ya shigo ta ɗinki.

Sarki ya ce, "Wannan ai rariya ce. A faskara."

Aka faskara. Na biyu ma rariya, aka faskara. Na uku ma ya yi yoyo, kuma maɗaci ya ƙare a tsibirin.

Kande, 'yar Jatau, ta ce, "Baba, ni in akushi ya tsage, jiƙa shi nake yi ya haɗe."

Sarki ya ce, "Jatau, tuwo 'yarka za ta zuba mana a ciki?" Aka yi dariya. Ya ce a je a ɗauko gatari.

Kande ta ja jirgin zuwa inda Dorina take kiwo, ta ce, "Inna, ki kwanta mini a kan wannan, kwana uku."

Dorina ta ce, "Ni kuma me na samu?"

Kande ta ce, "In na katako ya yi, wa zai ƙara yanke ciyawarki ya yi jirgi da ita?"

Dorina ta gama tauna, ta hau. Jirgi ya nutse.

Masu gatari suka zo, Dorina ta yi hamma, suka ga haƙora, suka koma. Washegari suka zo, ta yi hamma, suka koma. Rana ta uku ruwa ya taɓa gindin rumbuna, Dorina ta sauka.

Kande da Jatau suka kwashe ruwan da ƙwarya. Katako ya kumbura, ɗinki ya matse. Sarki ya shiga, ya zauna, ya daɗe. Ya miƙe ya shafa wandonsa, a bushe.

Ya ce, "A fara da hatsi."

Aka kwashe hatsi, aka kwashe awaki, aka kwashe tsofaffi, ko dami ɗaya bai jiƙe ba. Tun daga nan, sabon jirgi sai ya sha ruwa ya ƙoshi kafin ya ɗauki kaya.

Kada ku fasa abu ranar da aka gama shi, kuma in mai wanke akushi ta yi magana, ku saurara.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa.