Kurege da Tsakuwoyin Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku matso. Mai magana a baki ya haɗiye abarsa sai na gama.

Kurege ne dai. Duk dajin nan ba wanda ya kai shi sauri, ba kuma wanda ya kai shi rashin gama aiki. Da safe sai ya saɓi fartanya ya nufi gona. Yana cikin tafiya sai ya tuna rumbunsa na yoyo, sai ya jingine fartanya ya tafi yankan ciyawa. Yana cikin yankan ciyawa sai ya jiyo guɗa a ƙauyen gaba, sai ya yar da lauje ya tafi ya ga ko da tuwo. Daga tuwo sai hira, daga hira sai dara, daga dara sai rana ta faɗi. Ya dawo gida yana haki, yana cewa, "Wash! Yau na sha aiki." Alhali fartanya na bakin hanya, lauje na cikin ciyawa, rumbu na nan da yoyonsa.

Shekarar nan gyaɗa ta yi kyau. Da ruwa ya ɗauke, Ɓauna, wanda shi ne Sarkin Noma, ya sa aka yi shela: kowa ya cire gyaɗarsa cikin kwana bakwai, tun ƙasa na da danshi. In ta bushe ta ƙame, sai dai mutum ya ja ganye ya bar 'ya'ya a ƙasa.

Kurege ya ce, "Kwana bakwai? Wannan shela ta masu nawa ce. Ni wuni ɗaya ya ishe ni."

Rana ta farko ta wuce, ya tafi zaman makoki gidan da bai san wanda ya mutu ba. Rana ta biyu ya saɓi fartanya da gaske. Hanya ta bi da shi ta gefen gonar Hawainiya, sai ya ja ya tsaya cak. An cire gyaɗa kaf, an shanya ta layi-layi, harawa na gefe a ɗaure. Ita kuwa tana zaune a inuwa tana juya ido.

Ran Kurege ya ɓaci. Ya ce, "Gwaggo Hawainiya, wa ya yi miki gayya?"

Ta ce, "Ba kowa, ɗana."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Ke da kike ɗaga ƙafa da hantsi ki ajiye ta da azahar?"

Ta ce, "Ai na ajiye ta dai."

Kurege ya wuce yana huci. "Ni? Ni Hawainiya za ta riga? Ni da nake tsere da iska? Wallahi da walakin. Tsohuwar nan asiri gare ta." Bai ƙarasa gona ba. Haushi ya hana shi aiki ran nan.

Kashegari da sassafe ya laɓe a bayan dangarta. Ya ga ta fito da wani ɗan ƙoƙo, ta zuba tsakuwa uku a ciki. Ta ɗaga ta farko ta ce, "Ke ce tsinkar gyaɗa." Ta ɗaga ta biyu ta ce, "Ke ce ɗebo ruwa." Ta ɗaga ta uku ta ce, "Ke ce itace. Ba na taɓa ta biyu sai na gama da ta farko. Ba na amsa hira sai ƙoƙo ya zama wayam."

Kurege ya dafe ƙirji. "Na faɗa! Tsakuwoyi ne ke mata aiki! Tana zaune da abu irin wannan, tana kallon maƙwabta na wahala, ko ta ce mana ga shi. Wannan rowa da me ta yi kama?"

Ya jira har ta gama tsinka, ta ɗauki tulu ta nufi rafi. Ya tsallake danga, ya sure ƙoƙon da tsakuwoyin, ya zura a guje. A hanya ya ce, "In uku sun yi wa tsohuwa aiki uku, ni talatin nake so." Ya tsinci wasu ya cika ƙoƙo fal.

Ya isa gona, ya ajiye ƙoƙo a kan kunya. Ya ce, "Ke ce gyaɗa, ke ce rumbu, ke ce ciyawa, ke ce faskare, ke ce wanki, sauran ku raba abin da ya rage." Ya shimfiɗa jela a gindin kanya ya yi barcinsa.

Bai farka ba sai la'asar. Gyaɗa na nan a ƙasa. Tsakuwoyi na nan a ƙoƙo, ko motsi ba su yi ba.

Ya daka musu tsawa. "Ku tashi, malalata!" Shiru. Ya shure ƙoƙon. "Au, har ku ma kun san wariya? Ku yi wa tsohuwa, ni ku ƙi ni?"

Ya zauna yana cizon yatsa. Can sai ya yi murmushi. Ya ce, "In ba su yi mini noma ba, ai sa yi mini kasuwa."

Ya gangara rafi ya cika buhu da tsakuwa. Ya hau kan suri a tsakiyar gari yana kira. "Ina wanda rana ba ta isarsa? Ina wanda aiki ya yi wa yawa? Ga tsakuwar lokaci! Ga abin da ya sa Hawainiya ta riga kowa! Ka ajiye ta a gona, ka kira sunan aiki, ka je ka huta!"

Kowa ya ga gonar Hawainiya da idonsa, saboda haka ba wanda ya yi gardama. Zabuwa ta zo, wadda bakinta ba ya hutawa, ta zuba masa gyaɗa ta karɓi uku. Gafiya ta karɓi biyar. Kura ta ture kowa ta ce, "Ni goma nake so, kuma manya." Kafin magariba tsibin gyaɗa ya taru a ƙofar Kurege, duk daga ɗan abin da mutane suka riga suka cire.

Rana ta huɗu gari ya kwanta. Kowa ya kai tsakuwa gona ya dawo ya miƙe ƙafa. Rana ta biyar ma haka. Da la'asar Kura ta je ta ga aikin da aka yi mata. Ta tarar da tsakuwoyinta goma a jere kamar yadda ta bar su. Ta taka ƙasa, ta ji ta fara tauri.

Kura ta yi wata kuwwa da ta tashi tsuntsaye. Ta iske Kurege yana ɓarar gyaɗa, ta cafke shi a wuya, ta kai shi gaban Ɓauna. Duk gari ya bi bayanta.

Zabuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ya cuce mu! Ya cuce mu! Kwana biyu muna zaune! Kwana biyu! 'Ya'yana goma sha biyu, me zan ba su? Me zan ba su?"

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni da shi. Aikin minti ɗaya ne."

Ɓauna ya sauke kai ya dubi Kurege. Ya ce, "Saura kwana biyu ƙasa ta ƙame. In gyaɗar garin nan ta tafi, kai ma ka tafi. Me za ka ce?"

Kurege ya karkaɗe jela, ya ɓata fuska kamar shi aka cuta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ya kamata in kawo ƙara. Sun ɓata mini magani! A tambaye su, wa ya tsaya ya ji sharaɗi? Kowa ya fizgi tsakuwa ya ruga. Akwai maganin da ba shi da sharaɗi?"

Gafiya ta ce, "Gaskiya ba mu tambaya ba."

Kura ta ce, "Ai cewa ka yi mu je mu huta."

Ya ce, "Yaya Kura, na ce ku huta, amma na ce yaushe? Bayan sharaɗi!"

Ɓauna ya ce, "To faɗi sharaɗin."

Kurege ya lalubo abin da ya ji a bayan danga, ya ƙara masa gishiri. Ya ce, "Na ɗaya, tsakuwa ba ta son rana ta riga ta zuwa gona. Na biyu, tsakuwa ɗaya aiki ɗaya, ba a taɓa ta biyu sai an gama da ta farko. Na uku, ba a ajiye ta a ƙasa, a baki ake sa ta, kuma ba a tofarwa sai aiki ya ƙare. Na huɗu, tana son ta ji hannu a kan fartanya, don ta nan ƙarfinta ke bi."

Ɓauna ya ce, "A gwada gobe. In bai yi ba, Kura, naki ne."

Kashegari tun rana ba ta fito ba kowa na gona, tsakuwa a baki, fartanya a hannu. Gafiya ta hango ƙawarta, ta so su taɓa hira, ba baki. Kura ta ji ƙanshin nama daga nesa, ta so ta bi, ta tuna ba a taɓa ta biyu. Zabuwa kuwa tun da aka haife ta ba a taɓa jin shirunta ba sai ran nan. Ta yi ta kumbura kamar za ta fashe, haushin duk ta sauke shi a kan kunya. Ba gulma, ba dara, ba leƙen ƙauyen gaba. Kafin rana ta faɗi an cire gyaɗar gari kaf.

Aka tofar da tsakuwoyi aka kama kirari. "Malam Kurege! Mai maganin rana!"

Da Kurege mai hankali ne da ya yi shiru ya tafi ya cire tasa. Ina! Ya hau suri ya ce, "Saura sharaɗi na biyar. Dole a rufe magani a gonar mai magani. In ba haka ba, gyaɗar da kuka cire za ta koma ƙasa."

Ran bakwai gari duka ya taru a gonar Kurege, kowa da tsakuwa a baki. Shi kuwa yana gindin kanya yana nuni da jela. "Ke Zabuwa, kin bar ɗaya a baya! Yaya Kura, sunkuya da kyau!" Ku ji rashin kunya! Shi ko fartanya bai taɓa ba.

Ana kan kunyar ƙarshe sai ga wata aba tafe a kan hanya, tana ɗaga ƙafa, tana tunani, tana ajiyewa. Hawainiya ce. Ta yi baƙi ƙirin don fushi.

Ta ce, "Ina Sarkin Noma? Ranka ya daɗe, kwana huɗu ina tafe. Ƙara na kawo. Ɗan nan ya tsallake mini danga, ya sace mini ƙoƙo. Ƙoƙon da na gada wurin uwata!"

Ɓauna ya tofar da tsakuwarsa, don shi ma ya saya. Ya ce, "Da maganin ya sace?"

Ta ce, "Wane magani? Tsakuwar bakin rafi? Ni mantuwa gare ni, kuma na san ba ni da sauri. Shi ya sa nake zaɓen aiki uku, in yi su ɗaya bayan ɗaya, in kama bakina har in gama. Gyaɗar ma tun kafin shela na fara, kullum kunya biyu. Da wani ya tambaye ni da na faɗa masa kyauta. Wa ya tambaya? Sai dai a bi ni da dariya, wai mai nawa!"

Gari ya juyo ya dubi Kurege. Zabuwa ta tofar da tata, maganar kwana biyu ta ɓalle gaba ɗaya. "Kyauta! Kyauta! Mu muka yi aikinmu da hannunmu, muka yi nasa, muka kuma biya shi!"

Ɓauna ya buga ƙafa. Ya ce, "Tsibin da ke ƙofarsa kowa ya ɗebi nasa. Gyaɗar gonar nan ta Hawainiya ce, ita da ƙoƙonta. Kura, kama shi."

Kura ta buɗe baki za ta tofar da ƙatuwar tsakuwarta. Kurege ya ce, "Kul, Yaya Kura! Ba a tofarwa sai aiki ya ƙare. Aikinki yanzu kama ni ne. Ko so kike gyaɗarki ta koma ƙasa?"

Kura ta tsaya tana tunani. Ta ce a ranta, tsohuwa ta ce ba magani, amma wa ya sani? Ta mayar da baki ta rufe. Kafin nan Kurege ya cusa gyaɗa a kumatu biyu ya zura. Ta bi shi. Ya yi gabas, ta yi gabas. Ya yi yamma, ta yi yamma. A bakin raminsa ta cim masa, ta kai cizo da iyakar ƙarfinta. Ƙaras! Haƙori ya haɗu da tsakuwa. Haƙora biyu suka zube a ƙasa. Jelar Kurege ta zame ta shige rami.

Kura ta zauna a bakin rami, ta riƙe muƙamuƙi tana kuka. Daga ciki aka jiyo muryar Kurege, baki cike da gyaɗa, yana mita. "Ka ga halin mutanen yanzu! Ka koya musu tashi da wuri, ka koya musu kama baki, ka cece su daga yunwa, ko na gode babu. Ni da na ƙara taimakon wani!"

Gyaɗar kumatun nan ita ce duk amfanin gonarsa na shekarar. Ya cinye ta kafin la'asar.

Kurunkus kan ɗan ɓera, wanda ya ce ƙarya na yi ya je ya duba bakin Kura. In za ka laɓe a bayan danga, ka laɓe da kunne biyu. In kuma za ka ciji mutum, ka fara tofar da abin da ke bakinka, aiki ɗaya-ɗaya ake yi.