Kada Ka Harba Ka Juya Baya

Akwai wani mutum a ƙasar Sin, injiniya, wanda ya tsufa a aikin ƙera makamai masu linzami, irin waɗanda jirgin yaƙi yake harba wa wani jirgi a sararin sama. Kun san ni da kayan yaƙi ba ma shiri, ko kaza za a yanka a gidanmu sai in ba da uzuri. Amma tsohon nan ya shiga raina, ku saurara ku ji dalili.

Makamin da yake ƙerawa na nesa ne, yana zuwa inda idon matuƙi ba ya kaiwa. Bayan an sake shi, jirgin da ya harba shi yakan ci gaba da yi masa magana ta rediyo, yana gyara masa hanya, gama abin da ake nufa ba a tsaye yake ba. Haka za a yi ta bi da shi har ya matso kusa, ya buɗe nasa idon na na'ura, ya gani da kansa. Wannan magana ta tsakiyar hanya ita ce aikin tsohon shekara talatin, ya kuwa san ta kamar yunwar cikinsa.

Yana da 'ya ɗaya tak, yana ƙaunarta ƙwarai. A bayan kekensa yake kai ta makaranta. Da ta girma ta tafi wani birni can kudu, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa, don ta koyi aikin jinya. A tasha ya miƙa mata dafaffen ƙwai a ƙunshi, ya ce, "Mun rene ki da kyau. Je ki." Tun daga ranar bai kira ta ba. Hotonta yana aljihunsa kullum, amma a ganinsa yawan kira zai sa ta kewar gida.

Uwar ce take kira. Yarinyar takan ce lafiya lau, amma uwa ta san muryar 'yarta, ta ji tana dusashewa mako bayan mako. Ta fara tsoro kada yarinyar ta bar karatu, kunya ta hana ta dawowa, ta ɓace musu a birnin. Ta gaya wa mijin, shi kuwa ya ce, "Ƙyale ta, ta san hanya."

Wata rana aka fita gwaji a hamada. Aka saki jirgi marar matuƙi ya zama abin hari, aka harba makamin daga nesa. Ya tashi lafiya, ba abin da ya same shi. Amma matuƙin da ya harba, da ya ga tashin ya yi kyau, sai ya juya jirginsa tun lokaci bai yi ba, magana ta yanke. Makamin ya miƙe da dukan ƙarfinsa zuwa inda abin harin yake ɗazu, ya buɗe ido bai ga kome ba, ya faɗi cikin rairayi.

Tsohon ya tari matuƙin, ransa a ɓace. Ya ce, "Ƙarfen nan ba shi da laifi. Kai ka bar shi a tsakiyar hanya. Abin da ka aika nesa, ba ka daina yi masa magana sai ya gani da idonsa."

Da ya koma gida ya maimaita wa matarsa labarin, har da faɗan, yana jin daɗin kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Matar ba ta katse shi ba. Ta zuba masa shinkafa, ta ajiye waya kusa da kwanon, ta ce, "Kai tsoho, naka da ka harba daga tasha fa, wata nawa ke nan?"

Ya ƙirga a zuci, wata bakwai. Ya ture kwanon gefe. Ya ɗauki wayar ya kira 'yarsa, da ta amsa kuwa ya rasa ta inda zai fara. Mutumin da ya koya wa ƙarfe jin magana, abin da ya iya fitarwa shi ne, "Kin ci abinci?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ashe sau biyu tana faɗuwa jarrabawar yin allura. Ta riga ta rubuta takardar barin makaranta, da safe za ta miƙa, ta wuce wani gari neman aiki ba tare da ta gaya musu ba. Ta ce, "Baba, na ɗauka shirunka na nufin in ban yi nasara ba, kada in dawo."

Ya ce, "'Yata, makamaina goma sha ɗaya na fari duk a rairayi suka ƙare. Ajiye takardar nan. Gaya mini inda hannunki yake kuskurewa." Bai san kome game da allura ba, amma ya saurara, ya kuma kira kowace Asabar. Bayan shekara biyu, ita take kiransa tana yi masa faɗa a kan maganin hawan jininsa. Sai ya dubi matarsa yana murmushi, ya ce idon yarinya ya buɗe.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, Ubangiji bai halicce mu ya wurga mu cikin duniya ya juya baya ba. Yana yi mana magana a tsakiyar hanya, ta Maganarsa, ta addu'a, ta bakin 'yan'uwa, har ranar da za mu gani da idonmu. Makamin can an aike shi ya hallaka, mu kuwa an aike mu domin rai, to, yaya za a bar mu ba murya?

Ku iyaye, wannan naku ne. Kun kai ɗa makarantar kwana, kun raka 'ya bautar ƙasa, kun ce kun gama. Tarbiyya mai kyau tashi ne kawai, hanya kuwa tana canzawa bayan sun bar gabanku. Wataƙila akwai ɗan wani a cikinmu da takarda a aljihunsa yau, yana fassara shirun ubansa da abin da uban bai taɓa nufi ba. Idan an tashi sujada, kafin a zuba tuwo, ku ɗauki waya. In kun rasa abin faɗa, ku tambaye shi ko ya ci abinci.