Alƙali Tanimu da Darar Karɓa-karɓa

An yi wani sarki a ƙasar Tsaunin Ɓaure ana ce masa Jatau, mai kaifin basira amma mai saurin fushi, wanda babu abin da yake ƙauna kamar dara. Da husuma ta yi tsawo tsakaninsa da sarkin Gulbin Maje a kan wata fadama, sai suka yi ittifaƙi a raba gardama da darar karɓa-karɓa maimakon takobi. Sharaɗin shi ne mutum huɗu kowane ɓangare, kowa ya motsa ɗa guda ya ja da baya, na bayansa ya karɓa, babu shawara, babu ishara. Aka sa Alƙali Tanimu, dattijo mai ƙarancin magana, ya zama shaida.

Sarki Jatau ya zaɓi waziri da ma'aji da wani marini mai suna Gambo, wanda ba a taɓa cinsa a darar kasuwa ba, shi kansa ya zama cikon na huɗu. Tanimu yana zaune yana lura, ya ga a zagaye na uku sarki ya ɗage ɗan da ke tsare tsakiya don kwaɗayin ci guda. Waziri ya ga ɓarakar, amma ya san toshe ta tona asirin ubangidansa ne, sai ya bi sawun sarki. Ma'aji ma haka. Kafin layi ya zo kan Gambo baƙin Gulbin Maje sun shige, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, aka cinye su a hannunsa, fadama ta tafi.

Baƙi na fita, sarki ya umarci alƙali ya rubuta hukuncin korar Gambo da iyalinsa daga ƙasar, tunda a motsinsa aka faɗi. Tanimu ya dubi marinin yana durƙushe, sai ya ajiye alƙalami.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba zan rubuta ba. Dara ta mutu tun zagaye na uku, kuma a hannunka ta mutu. Mutum biyu sun gani sun yi shiru don tsoro. Wannan talaka kaɗai ya yi yunƙurin gyara."

Sarki ya tuna masa cewa wanda ya naɗa rawani yana da ikon warware shi. Tanimu bai jira dogari ba, ya warware rawaninsa da kansa, ya naɗe, ya ajiye gaban sarki, ya ce, "Ga naka, ranka ya daɗe. Shaidar kuwa tawa ce, da ita zan tsaya gaban Allah."

Daga nan sarki ya sa aka sake jera 'ya'yan dara, alƙali yana faɗar motsin kowa da ka, har aka iso zagaye na uku. Sarki ya tsura wa gurbin da ya bari ido, ya tambayi waziri ko ya gani a lokacin. Waziri ya sunkuyar da kai.

Sarki ya miƙe ya naɗa wa Tanimu rawaninsa da hannunsa, ya ƙara masa alkyabba, ya sallami Gambo da girma, ya kuma aika wa Gulbin Maje cewa fadama tasu ce halal.

Haƙiƙa adalci ba ya neman wanda abu ya ƙare a hannunsa, yana neman inda ɓarna ta faro, ko da a kan karaga ce.