Yarinyar da Ta Kwaikwayi Tafiyar Hajiya Tasalla

An ce a Funtuwa an yi wata Hajiya Tasalla, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ke jagorantar mata shida masu sa kai wajen tarbiyyar 'yan matan unguwa kowace Asabar. Wata rana ta shigo zauren taro ta tarar da wata yarinya, Hansatu, ta yi ɗaurin ɗankwali irin nata, tana taku ɗaiɗai da ɗaga haɓa, sauran 'yan matan suna sheƙa dariya. Nan take ta rubuta takardar kora.

Inna Ladidi, mafi tsufa cikin matan, ta ce, "Hajiya, kafin ki sa hannu, ba ni aron hankalinki.

"Zamanin da muke 'yan mata a zauren nan, marigayiya Malama Dije ke koya mana saƙa, ƙanshin dafaffiyar gyaɗa ya cika ko'ina. Rannan wata Kande ta zuba mata ƙaiƙayi a kujera. Malama ta miƙe da bulala, sai mataimakiyarta, Gwaggo Mairo, ta riƙe hannunta ta ce, 'Yaya Dije, ji labarin wani matuƙin kwalekwale na Yauri. Ya ɗauko 'yan rakiyar amarya, suna tsakiyar kogi ɗaya ta yi wa sanƙonsa waƙa. Ya zaro filafilin da yake tuƙi da shi daga ruwa zai make ta. Jirgi ya kife, garar amarya ta nutse. Da aka tsamo su, abokin tuƙinsa ya ce masa: ai da ka bar mini ita, ni da ba ni da sanƙo.'

"Malama ta ajiye bulala. Tun ranar suka kafa doka: wadda aka yi wa laifi ba ta zama cikin masu hukunci. Kande ta yi wata guda tana wankin tabarmi, daga baya ita ta zama ungozomar unguwar nan. Mun manta dokar ne, Hajiya, don an daɗe ba a sami mai ƙarfin halin taɓa ki ba."

Hajiya ta ce, "Inna, shekara talatin ban zama abin dariya ba. Me za a ce a gari?"

"Za a ce yarinya ta yi wauta. In kuwa kika kore ta da hannunki, za a ce kwaikwayon ya yi kama."

Hajiya Tasalla ta yaga takardar. "Allah Ya jiƙan Malama Dije. Ku shida kun isa."

Ta gyara mayafinta, ta fita, ta zauna a dakali cikin takalman yara, tana jiran a kira ta a gaya mata abin da aka yanke.