Misalin Sabuwar Kaca da Tsofaffin Haƙora

'Yan'uwa, tun da aka kafa ikilisiyar nan ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar mutumin da zan ba ku labarinsa ba. Mai gyaran keke ya kunyata shi, mako uku ana yi masa dariya, ko sannu ba wanda ya ce masa.

Akwai wani mutum, kyakkyawa, mai kwarjini, yana da keke mai giya. Kullum yakan goge shi har ka ga fuskarka a jiki. Ana nan sai kacar ta yi tsatsa, ya kai wa mai gyara.

Mai gyara ya duba ya ce, "Malam, ba kaca kaɗai ba ce. Haƙoran giyar baya sun cinye, sun yi tsini. Tare suka tsufa, tare ake canja su. Wayar giya ma ta saki."

Mutumin ya ce, "Baba, wa yake leƙa haƙora? Sa mini kaca mai walƙiya."

"A miƙaƙƙiyar hanya za ta kai ka. Ranar da ka taka da ƙarfi, ba za ta kama ba."

"Sa dai."

Ranar bikin godiya na kaka, matan zumunta suka tara ƙwai kwando guda, baiko ne, wato kyautar da za su kai gaban bagade. Majami'a kuwa a kan tudu take. Mutumin ya ce ba mai kai ƙwan nan sai shi. Mama Rifkatu, shugabar matan, ta ce, "Malam, da ka bari mun ɗauka a ka." Ya ɗaure kwandon a bayan keke.

A fili keke ya tafi sumul. Da ya iso tudu ya ga jama'a suna kallo, sai ya miƙe tsaye a kan feda. Kaca ta tsallake haƙori, giya ta sauya da kanta, ƙafarsa ta taka iska. Shi da kwando suka kwanta. Ƙwai uku suka tsira. Mama Rifkatu ta ɗauke su a tafin hannu ta kai gaban bagade.

Ma'anar wannan misali ita ce: sabuwar kaca ita ce abin da mutane suke gani a jikinmu ranar Lahadi. Haƙoran baya su ne halin da muka ƙi gyarawa domin ba mai leƙa shi. Muddin hanya a miƙe take, ba wanda zai sani. Tudu shi ne ranar gwaji, kuma sau da yawa ranar nan kayan wani ne a bayanka.

To, Baba Yunana mai gyara, na gan ka a bencin baya, daina murmushi. Ka faɗa mini, ni na ce sa dai. Gobe zan turo keken da ƙafa. Mama Rifkatu, a gafarce ni. Amma ku ma shaida ne, faɗuwar ma da kwarjini na yi ta.