Kurege da Azarar Gidan Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

An yi wani Kurege, ba yaro ba, ba tsoho ba, mai ji da kansa, wanda ya yarda duk garin babu mai wayonsa. Ran nan da azahar ya faɗo gida yana salati, hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah! An cuce ni! Tabawa, fito, an gama da mijinki!"

Matarsa Tabawa ta yar da muciya ta fito a guje. "Malam, wa ya rasu?"

"Da rasuwa ce ai da sauƙi. Gidan nan na tsoho Kunkuru da za mu saya, na je na duba. Ba shi da aibi ko ɗaya!"

Tabawa ta tsaya tana kallonsa. Su dai a bukkar aro suke zaune, mai ita ya ce su tashi kafin damina. Kunkuru kuwa zai koma bakin kogi wajen jikokinsa, shi ya sa yake sayar da gidansa.

"To ai abin murna ne," in ji ta.

"Murna? Na ɗauki Zanzaro magini muka tafi tare. Ya zuba ruwa a kan soro, indararo ya kwashe shi tas. Ya ce, lafiya lau. Ya zagaya katanga yana neman tsaga, ya ce, lafiya lau. Ya ɗauki sanda ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, kowace tana amsawa kamar ƙarfe, ya ce, lafiya lau. Har maƙwabta na tambaya ko ruwa yana kwanciya a tsakar gida, wai ko kusa! To da me zan nemi ragi? Ni Kurege in sayi abu yadda mai shi ya faɗa? Me za a ce da ni a gari?"

"Za a ce ka sayi gida mai kyau."

"Ke ba ki san ciniki ba."

Washegari Kurege ya zaga bayan gari, ya tsaya a bakin suri ya yi sallama da Uwar Gara.

"Inna, aiki na kawo miki. Ki ba ni yaranki su shiga gidan Kunkuru, su ɗan lasa azara guda, ta bakin ƙofa. Sama-sama kawai, yadda ido zai gani."

Uwar Gara ta ce, "Ɗan nan, mu al'adarmu guda ce. Wanda ya gayyace mu ci, shi ke zuwa da ƙafarsa ya sallame mu. Kafin ya zo, ba ma tsame hannu."

"Wannan ai ƙaramin abu ne," in ji Kurege. Yana tafiya yana yaba wa kansa.

Ranar ciniki aka taru da shaidu. Kurege ya shiga ɗaki yana ɗaga hanci, sai ya nuna sama. "Baba Kunkuru, wannan jar ƙasar da ke bin azara fa? Gara! Haba Baba, da girmanka?"

Kunya ta kama tsohon. "Wallahi ɗana ban gani ba. Ka yi mini haƙuri a sauya azarar tukuna, sannan a yi ciniki."

In aka sauya azara, ina ragi? Kurege ya ce, "A'a, kada ka wahalar da kanka. Rage mini kawai, na ɗauka a haka."

Zanzaro ya ɗauko sandarsa. "Tunda gara ta shigo, bari in sake ƙwanƙwasa sauran."

"Ajiye sandarka, Zanzaro. Idona ya fi sandarka ji."

Kunkuru ya rage. Kurege ya juye masa gyaɗar da suka daɗe suna tarawa, ya riƙe ɗan ragin. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Suka tare.

To, ku ji fa, yara. Kurege ya shimfiɗa tabarma a ƙofar sabon gida, duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya ba shi labarin yadda ya gano gara da ido ɗaya. Ya tuna da Uwar Gara, amma ya ce a ransa, in aka gan ni a bakin suri yanzu ai asiri ya tonu. Bari ƙura ta lafa.

Tabawa ta ce, "Malam, ina jin ƙus-ƙus a rufi." Ya ce, "Ɓeraye ne."

Aka kwana biyu ta ce, "Malam, gari yana zubowa a kwanon tuwo." Ya ce, "Iska ce."

Aka ƙara kwana biyu ta ce, "Malam, rufin nan ya yi ciki." Ya ce, "Idonki ne. Mutane ne suka fara sa miki hassadarsu."

Ruwan fari ya sauko da hantsi. Ƙasar rufi ta sha ruwa ta yi nauyi. Suna jin ƙaƙas, Tabawa ta fizgo shi waje. Rib! Soro ya zauna a ƙasa.

Kurege ya tafi gaban Damo mai unguwa, taɓo har kunne, Tabawa na biye da shi. "Ranka ya daɗe, a bi mini hakkina! An sayar mini da kabari!"

Damo ya aika aka kira Kunkuru. Kunkuru ya ce, "Na ce a sauya azara, ya hana."

Aka kira Zanzaro. Ya ce, "Na ce in ƙwanƙwasa, ya hana."

Damo ya ce, "To a kira masu ɓarnar." Uwar Gara ta zo tana jan ciki. Tana ganin Kurege ta washe baki. "Af, ɗan nan, sai yanzu? Tun yaushe muke jira ka zo ka sallame mu! Mun gama azarar ƙofa ba ka zo ba, muka ci ta kusa da ita, muka ci ta gaba. Yara har sun gaji."

Tabawa ta juyo a hankali. "Malam?"

Kurege ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. "To... ni ne. Ni na gayyace su, ni na hana a duba. Amma tsakani da Allah, ranka ya daɗe, farkon dabarar ai ya yi kyau."

Damo ya ce, "Ciniki ya zauna. Gida naka ne, je ka ɗaga abinka."

Daminar nan a rumfar Zanzaro suka yi ta, Kurege yana kwaɓa masa ƙasa yana ɗauko azara a ka. Ɗan ragin da ya samu ko azara biyu bai saya ba.

Shi ya sa, yara, in kun je duba gida, ku nemi aibin da ke akwai, kada ku kai masa wanda babu. In kuma mai dubawa ya ce bari ya sake dubawa, ku matsa ku ba shi wuri.

Ƙurunƙus! Ta faɗi rib kamar soron Kurege, kowa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.