Amsar da Mas'ud Ya Bayar Daga Kansa

Akwai wani ma'aikacin lafiya a Tudun Wada mai suna Mas'ud. Duk shekara wasu likitoci 'yan sa-kai daga ƙasar waje sukan zo garin su yi wa yara tiyata kyauta, kuma bana shi aka zaɓa tafinta. Tun ranar da ya rataya katin shaidar tafinta a wuya, gaisuwa ma sai da ƙyar yake amsawa.

Akwai kuma Iya Luba, tsohuwar ungozoma da ke bi ƙauye-ƙauye da rugage tana tattaro marasa lafiya tana kawo wa baƙin. Mas'ud ya ce ba ta jin Turanci, don haka ta tsaya a waje.

A rana ta uku wata mata mai suna Habiba ta zo daga wata ruga kusa da Burumburum, da yarinya 'yar shekara shida, Hamdiyya, mai kumburi a cibiya. Likitar da za ta yi aikin ta ce a tambaya ko yarinyar ta ci wani abu yau, domin ba a yin allurar barci da abinci a ciki. Idan ta yi amai tana barci, zai iya toshe mata numfashi.

Mas'ud ya tambaya. Habiba ta kawar da kai. Ya sake tambaya, ga maza cike da ɗakin, ta ja mayafi ta rufe baki. Layi ya yi tsawo, kuma ba ya so baƙi su ga ya gaza. Sai ya ce wa likitar ba ta ci komai ba. Aka dangwala wa Habiba yatsa a takarda, aka shige da yarinyar.

Yana fitowa Iya Luba ta tare shi, ta tambayi abin da uwar ta faɗa. Ya ce ai matar kurma ce ko mai taurin kai.

"Ɗan nan, 'yar fari ce fa," in ji Iya. "Ko sunanta ba ta faɗa, balle ta yi zancenta a gaban maza."

Ta ja Habiba bayan gini. Ba a jima ba ta dawo da sauri, zani na harɗe mata ƙafa. Ashe a hanya yarinyar ta yi ta kukan yunwa, uwar ta dama mata fura ta sha ta ƙoshi.

Mas'ud ya dubi ƙofar ɗakin tiyata. Idan ya faɗa, kowa zai san ƙarya ya yi. Idan ya yi shiru, 'yar mutane ce a kan gado. Wallahi tsoro irin na ranar bai taɓa jinsa ba.

Ya ruga. Ya buga ƙofar ɗakin tiyata da hannu biyu, Turancin ma ya gudu, yana ta cewa fura, fura. Da aka buɗe, ya hango allurar a hannun mai bayarwa, ba a kai ga yi ba. Ya faɗi gaskiya, har da cewa amsar daga kansa ya ƙirƙiro ta.

Aka ɗage aikin zuwa washegari. Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce daga yanzu Iya Luba ce za ta riƙa tambayar iyaye mata a keɓe, shi kuma ya fassara abin da Iya ta ce kawai.

Da aka gama aikin lafiya, Habiba ba ta leƙa ɗakin ba. Tana zaune a gindin bishiya tare da Iya Luba, har Mas'ud ya zo ya durƙusa a gefen Iya. Ba ta dube shi ba. Ta ce da Iya a hankali:

"Yarinyar mutanen nan... ta farka?"

Darasi: Baƙo yana zuwa da ilimi, amma 'yan gari ne suka san mutanensu. Kada ka raina wanda ya fi ka sanin jama'a, kuma abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu aikin asibiti.